Zaman Saudiyya a Lokacin Korona: Tambayoyi da Amsoshi Kan Igama, Tarhil da Makomar Baƙi

Duk wanda ya yi zaman Jidda ko Makka tsakanin 2020 da 2022, da ya zo gida ganin dangi sai an sa shi gaba da tambayoyi. Wata ƙanwarta ce ke aikin gida a can, wani ɗan'uwansa aka daina jin ɗuriyarsa tun azumin shekarar farko, wani kuma shi ma haramar tafiya yake, yana son ya ji yadda ƙasa take kafin ya sa ƙafa. Tambayoyin da aka fi maimaita mini na tara a nan. Ni da igama, wato takardar izinin zama, na yi zamana a Jidda, saboda haka abin da zan faɗa kan marasa takarda gani ne na maƙwabci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yaushe aka fara rufe ƙofa?

Tun kafin a samu mai cutar ko ɗaya a ƙasar. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 Saudiyya ta dakatar da shigowar masu Umara daga waje, alhali sai 2 ga Maris aka tabbatar da mutum na farko. Daga nan doka ta riƙa bin doka. Ranar 4 ga Maris aka hana Umara har ga mazauna ƙasar, 9 ga wata aka rufe makarantu, 15 ga wata jiragen sama masu shiga da fita suka tsaya, 23 ga wata aka hana fita daga bakwai na yamma zuwa shida na safe. Ranar 2 ga Afrilu Makka da Madina suka shiga kulle dare da rana. Wanda aka kama a waje ba izini, tararsa riyal 10,000.

A wannan rana ta 23 ga Maris ita ma Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga masu zuwa daga waje, ba ta buɗe ba sai 5 ga Satumba. Baƙon da ya ce ya gaji zai koma gida, gaba kura baya siyaki.

Me ya sa hana Umara ya fi buga mutanenmu?

Domin alhaji shi ne gonarsu. Mai tura keken marasa lafiya, mai dako, mai wanki, mai aski, mai sayar da tuwo da miyar kuka a bayan masaukin alhazai, dillaliyar dogayen riguna da turare, duk daga aljihun baƙon Allah suke ci. A Hajjin 2019 mutum kusan miliyan biyu da rabi suka tsaya Arfa. A 2020 'yan tsiraru ne, dukkansu mazauna ƙasar. A 2021 mutum 60,000, nan ma ba wanda ya zo daga waje. Sai 2022 aka sake karɓar alhazan ƙetare, shi ma da ƙayyade adadi: Najeriya da ta saba da kujera 95,000 aka ba ta 43,008. Shekara biyu cur ke nan damina ba ta sauka ba. Ma'aikacin kamfani yana iya cewa an rage masa albashi. Mai tuwon alhazai ba ta da wanda za ta kai wa ƙara, kasuwar ce kawai ta watse.

Da gaske ne an yi wa marasa igama magani kyauta?

Gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake. Ranar 30 ga Maris 2020 ministan lafiya na lokacin, Taufiƙ al-Rabi'a, ya sanar da umarnin Sarki Salman cewa duk wanda korona ta kama a yi masa gwaji da magani kyauta, ɗan ƙasa ne, mai igama ne, ko wanda ya saɓa dokar zama, kuma ba za a hukunta shi don ya zo asibiti ba. A ƙasar da ma'aikatar cikin gida ke fitar da alƙaluman kame kamar rahoton farashin kasuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai tausayi a ciki, akwai kuma lissafi. Direban gidan attajiri da mai aikinsa da mai gyara masa famfo a unguwannin talakawa suke kwana. In an bar cutar ta yi sheƙa a can, gobe da safe za ta buga ƙofar bene. A makonnin Afrilu da Mayu na 2020 sanarwar ma'aikatar lafiya ta sha nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na sababbin masu kamuwa baƙi ne.

To me ya hana mutane da yawa zuwa asibitin?

Wannan tambayar na ji amsarta da kunnena. A bayan gidan da nake haya akwai wata tsohuwa Bakatsiniya mai funkaso, ta fi shekara talatin a Jidda, da bizar Umara ta shigo ba ta sake fita ba. Tsakiyar azumin 2020 tari ya sa ta gaba, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta taga nake jiyo 'yarta tana lallashi.

"Inna, Sarki ne fa da kansa ya ce kyauta ne, kuma ba za a kama kowa ba."

"Na ji, 'yar nan. Sarki ya ce kada a kama ni a asibiti. A hanya fa, wa ya ce?"

Ba ta je ba. Citta da lemon tsami da habbatus sauda aka yi ta ɗura mata, Allah ya sa da sauran shan ruwa. Amma tambayarta ba ta wauta ba ce. Tsakanin ƙofarta da asibiti akwai shingen askar, wato jami'an tsaro, a kan titi saboda dokar kulle, kuma abu na farko da ake cewa a shinge shi ne "igama". Wanda ya yi shekara talatin yana kauce wa motar jawazat, wato hukumar shige da fice, sanarwar rediyo guda ɗaya ba ta isa ta cire masa wannan tsoron ba. Ga shi umarnin korona kaɗai ya shafa. Mai ciwon suga, mai naƙuda, mai ciwon ƙoda, in ba takarda, yadda suke jiya haka suka kwana: ko ƙaramin asibitin kuɗi da ba ya yawan tambaya, ko unguwarzoma a ɗaki.

Me ya sa aka fi tsananta kulle a unguwannin baƙi?

A ƙarshen Maris 2020 aka killace wasu unguwannin Makka, ba shiga ba fita: Ajyad, Masafi, Misfala, Hujun, Nakkasa da Hosh Bakar. A farkon Afrilu aka yi wa wasu na Jidda haka, ciki har da Gulail, Petromin, Mahjar, Kilo 13 da Kilo 14. Wanda ya san garuruwan, jin sunayen kaɗai ya ishe shi. Nan ne 'yan Afirka da 'yan Bama (ƙasar Myanmar) da 'yan Yaman ke cunkushe, lungu ba ya ɗaukar mota, ɗaki ɗaya mutum bakwai, banɗaki ɗaya gida uku. Ta fuskar lafiya dalilin a fili yake. Sai dai "a zauna a gida" magana ce ta mai albashi. Wanda sai ya fita zai samo na cefane, gidan ne ya zame masa kurkuku. An raba kwalayen abinci, ƙungiyoyin agaji da ɗaiɗaikun Larabawa sun yi ƙoƙari ƙwarai, wannan na gani da idona. Amma abin da ya fi riƙe mutane shi ne junansu: adashi, tukunya ɗaya ta gida huɗu, da mai igamar da ke fita ya sayo wa lungu guda.

Su kuma leburorin kamfanoni da ke kwana jibge a sansani, gwamnati ta kwashe wasu zuwa gine-ginen makarantun da aka rufe don a rage cunkoso.

Wanda igamarsa ta ƙare ana cikin kulle fa?

Nan an yi sauƙi. Igamar ma'aikacin da ta ƙare daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Yuni 2020 an ƙara mata wata uku kyauta, ba sai mutum ya je ofis ba. Waɗanda suka zo hutu gida hanya ta rufe da su, an yi ta sabunta musu igama da bizar komawa sau da yawa. An kuma buɗe wani shiri mai suna Auda a Absher, manhajar hidimomin gwamnati, don wanda ke son komawa ƙasarsa ya yi rajista. Duk wannan na mai lamba ne a kwamfutar gwamnati.

Tallafin albashi ya kai ga baƙi?

Bai kai ba. A Afrilu 2020 gwamnati ta ware riyal biliyan 9 ta hanyar inshorar rashin aiki da ake kira Sanid, tana biyan kashi 60 cikin ɗari na albashin ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, amma 'yan ƙasa kaɗai. Baƙo kuwa abin da ya same shi shi ne ƙa'idar da ta ba kamfani damar rage albashi har kashi 40 cikin ɗari, ko tura ma'aikaci hutu. Alhali baƙi su ne mafi rinjaye a wannan fanni. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum miliyan 32.2 a ƙasar, miliyan 13.4 daga ciki ba 'yan ƙasa ba ne.

Sai kuma aka haɗa wa magidanci zafi biyu a rana ɗaya. Ranar 1 ga Yuli 2020 harajin sayen kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, saboda farashin mai ya faɗi warwas. A watan ne kuma kuɗin da baƙo ke biya kan kowane mutum na iyalinsa, wanda aka faro da riyal 100 a wata a 2017, ya kai riyal 400. Yi lissafi: mace ɗaya da 'ya'ya huɗu, riyal 24,000 a shekara, kafin haya, kafin abinci. Magidanta da yawa da na sani a nan suka sallama, suka tura iyali gida suka koma zaman gwauro. In ana maganar baƙo ya saje da mutanen gari, to da iyali ake sajewa, da makarantar yara da gaisuwar maƙwabta. Gwauro a ɗakin haya aiki kawai ya zo yi.

Mece ce Tawakkalna, kuma me ya sa ake yawan ambatonta?

Manhajar waya ce da hukumar bayanai ta ƙasar ta fitar a 2020, da farko don ba da izinin fita lokacin kulle. Sannu a hankali ta zama mabuɗin gari. Da aka fara rigakafi ranar 17 ga Disamba 2020, kyauta ga ɗan ƙasa da mai igama, ita ke nuna matsayin mutum. Daga 1 ga Agusta 2021 sai wanda ta nuna an yi masa allura zai shiga wurin aiki, ofishin gwamnati, babban kanti ko motar haya ta jama'a. Kore mai duhu a fuskar waya, shi ke nan ka wuce.

A ganina nan ne annobar ta fi canza rayuwar marasa takarda, fiye da kulle, fiye da kame. A da, rashin igama matsala ce tsakaninka da askar. In ka san lungunan da za ka bi, ka san lokacin da ake sintiri, sai ka yi shekara ashirin ba wanda ya tare ka. Mai kanti ba ruwansa, kuɗinka yake so. Da Tawakkalna ta zo, kowane mai gadin ƙofa ya zama ɗan jawazat ba tare da ya nema ba. Yin rajista na buƙatar lambar shaida, neman layin allura a manhajar Sihhati shi ma haka, ita kanta lambar wayar sai da shaida ake mallakarta.

Wata ranar Juma'a a ƙofar wani babban kanti wani saurayi ya tare ni. Fararen kaya tsaf, Larabcin Hijaz, yankin Makka da Jidda, a bakinsa ba gargada, da na amsa sai ya juya zuwa wata Hausa mai ɗingishi. Ya miƙo mini riyal hamsin da gwangwanin madarar jarirai wanda ba komai a ciki, don in ga irinta.

"Yaya, don Allah in ka shiga."

A Jidda aka haife shi, a Jidda aka haifi ɗan da zai sha madarar. Da na fito na same shi ya koma can gefen motoci, inda mai gadi ba zai gan shi yana jira ba.

An sassauta yawancin waɗannan dokoki a Maris 2022. Amma al'adar nan ta komai sai ta waya, komai sai da lamba, ta zauna daram.

An dakatar da tarhil, wato kama baƙo a mayar da shi ƙasarsa, saboda annobar?

Kame bai tsaya cak ba, jiragen ne suka tsaya, kuma wannan ya fi muni. A watan Afrilu 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an mayar da 'yan Habasha kusan 3,000 zuwa Addis Ababa tun ɓullar cutar, ta kuma roƙi a dakata saboda Habasha ba ta da wurin killace su. A watan ne 'yan Huthi suka koro dubban 'yan Habasha daga arewacin Yaman zuwa iyakar Saudiyya, suna cewa su ke yaɗa cutar. Mutane suka taru a wuraren tsarewa na Dayir da Jizan da kuma Shumaisi, babban gidan tarhil da ke tsakanin Makka da Jidda, ana zubawa ba a kwashewa. A Agusta 2020 ƙungiyar Human Rights Watch da jaridar Telegraph ta Ingila suka fitar da hotunan da tsararrun suka ɗauka da wayoyin da suka ɓoye: maza kwance jiki na gugar jiki cikin zafin bazara. Amnesty ta biyo da nata rahoton a Oktoba, Majalisar Tarayyar Turai ta yi ƙuduri a kai a watan. Hukumomin Saudiyya suka ce za su duba.

A lokacin lafiya, mai jiran tarhil yakan yi kwanaki ko 'yan makonni. A lokacin korona an yi watanni.

'Yan Najeriya nawa aka dawo da su?

Kwashe ɗaya ce ta fi yin amo. A Janairu 2021 wani bidiyo ya karaɗe waya, 'yan Najeriya a wurin tsarewa suna kwance sun lulluɓa da baƙaƙen ledoji, suna roƙon a zo a kai su gida. Hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙetare, wadda Abike Dabiri-Erewa ke shugabanta, ta sanar da cewa mutum 802 za su sauka Abuja a jirage biyu a ƙarshen watan, aka killace su a sansanin alhazai. Wasu ayarin sun biyo baya.

Abin da ba a cika tambaya ba shi ne bayan an sallame su. Wanda ya tafi yana ɗan shekara talatin ya dawo da furfura da leda ɗaya a hannu, dangi sun saba shi ke aikowa, yanzu shi ake ciyarwa. Gara shi ma, yana da gidan da zai nufa. Akwai wanda aka sauke a ƙasar da bai taɓa gani ba, abin da ya sani kawai sunan garin da kakarsa ke ambata. A can ana ce masa Takaruni, a nan yara na binsa suna dariyar Hausarsa, ana ce masa ɗan tikari.

Su wane ne 'yan tikarin nan, kuma me ya sa wasu Hausawan can 'yan ƙasa ne wasu ba su da ko takarda?

Kalmar daga Takrur ta fito, sunan da Larabawa suka daɗe suna kiran mutanen Afirka ta Yamma da shi. Tafiyar tsohuwa ce. Kakanni sun yi ta da ƙafa da jaki, ta Barno da Wadai da Darfur, su yi noma a hanya shekara da shekaru, su ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, jama'a masu yawa suka ci gaba da hijira gabas. Wasu suka tsaya Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, wasu suka dangana da Hijaz. Waɗanda kafuwar masarautar Saudiyya ta tarar a can, da yawansu sun samu zama 'yan ƙasa. Zuriyarsu ce kake jin sunayensu Hausawi, Fallata, Barnawi. Usama Hausawi, wanda ya riƙe kambun kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafar ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018, daga cikinsu yake.

Waɗanda suka zo daga baya, zamanin jirgin sama da kuɗin mai, suka tarar ƙofa ta ƙuntata. A dokar Saudiyya ta wajen uba ake gadon zama ɗan ƙasa, haihuwa a ƙasar ba ta wadatar. Uba ba igama, ɗa ba takardar haihuwa. Ba takardar haihuwa, ba makarantar gwamnati. Ba makaranta, ba aikin da zai kawo kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo ya samu igama. Haka abin ke gangarowa har jika. Sai ka ga gida biyu a lungu ɗaya a Shara Mansur a Makka, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, wataƙila ma kaka ɗaya, wannan ɗansa jami'i ne a ma'aikata, wancan ɗansa ko layin waya ba zai iya saya da sunansa ba. Ta fuskar harshe da sutura da addini da auratayya, mutanen nan sun gama sajewa tuntuni. Takarda ce kaɗai ta ƙi su.

Yaransu sun yi karatu lokacin da aka rufe makarantu?

'Ya'yan masu igama sun koma karatu ta intanet, a dandalin Madrasati da tashoshin talabijin na Ain. Gidan da yara biyar ke rabon waya ɗaya, ka san yadda karatun ya kasance. 'Ya'yan marasa takarda dama halƙar Alƙur'ani a masallaci da 'yan makarantun sa-kai na cikin unguwa ne gatansu, kuma su ma an rufe.

An ce an soke tsarin kafili. Haka ne?

An sassauta, ba a soke ba. A Nuwamba 2020 ma'aikatar ƙwadago ta sanar da garambawul, ya fara aiki ranar 14 ga Maris 2021. Ma'aikacin kamfani yana iya canza wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai kafili ya yarda ba, in ya cika sharuɗɗa, yana kuma iya neman bizar fita da kansa ta Absher. Ga injiniya ko ma'aikacin jinya ko mai aikin kanti, canji ne na gaske, na ga waɗanda suka amfana.

Amma duba waɗanda aka cire: masu aikin gida, direbobin gida, masu aikin lambu, manoma da makiyaya. Wato dai sana'o'in da akasarin mutanenmu ke tafiya dominsu. Kuma har gobe kafili ke sabunta igama. Ga kuma hurub, rahoton da kafili ke shigarwa cewa ma'aikaci ya gudu. A lokacin korona, da ya danna, sai mai takarda ya zama marar takarda a cikin daƙiƙa, ko da kuwa abin da ya fitar da shi daga gidan albashin wata shida ne da aka hana shi.

Masu aikin gida fa, yaya suka yi?

Su kulle ya fi nauyi a kansu, kuma su aka fi rashin jin muryarsu. Gidan da a da yara ke makaranta, maigida ke ofis, yanzu kowa na ciki dare da rana, ga azumi, ga wanke-wanken da tsoron cuta ya ninka. Wadda ke zaune a gidan aiki ba fita, wani lokaci ba waya. Wadda kuma ke shagala, wato aikatau, ta yini, tana zagaya gida uku ko huɗu, rana ɗaya aka ce mata kada ta sake zuwa, kar ta kawo musu ciwo. Akwai gidajen kirki da suka ci gaba da aika wa masu aikinsu kuɗi suna zaune, ban manta da su ba. Sai dai wannan halin mutum ne. Wadda ba ta dace da na kirki ba, ba dokar da ta tsaya mata.

Akwai ƙasar da ta bi wata hanya daban?

Akwai. A ƙarshen Maris 2020 Fotugal ta ce duk baƙon da takardar neman zamansa ke jiran amsa, a ɗauke shi kamar mai izini na ɗan lokaci, ya shiga asibiti, ya yi haya, ya buɗe asusun banki. A Mayu Italiya ta buɗe ƙofar halatta zaman masu aikin gona da na gida. Ministar noma Teresa Bellanova, wadda ita ma leburar gona ce a ƙuruciyarta, har da hawaye wajen sanarwa. An shigar da takardu kusan 207,000, galibi na masu aikin gida, ko da yake tantancewar ta yi tafiyar hawainiya har shekaru. Kuwait ta yi afuwa a Afrilu 2020: ka fito, ba tara, ga tikiti kyauta, ka tafi.

Kalmar afuwa a yankin Gulf galibi ma'anarta ke nan, a yafe maka tara ka kama hanya. Haka Saudiyya ta yi a 2017 kafin ta shiga kame gadan-gadan. Ga wanda ya zo bara, wannan rahama ce. Ga saurayin ƙofar kanti, ina zai tafi? Kuma ba wai ƙasar ba ta san ɗaya hanyar ba. Daga 2013 ta ba dubun dubatar 'yan Bama mazauna Makka igamar shekara huɗu kyauta, da damar karatu da aiki da asibiti. An gwada, sama ba ta faɗo ba.

Wanda aka yi wa tarhil zai iya komawa da sabon fasfo?

Kada dillali ya ci kuɗinka. Kafin a sa mutum a jirgi ana ɗaukar basma, wato zanen yatsu. Suna na canzawa, yatsa ba ya canzawa. Masu bi ta Yaman ko ta teku kuma su sani tun 2021 hukuncin wanda ya shigo da mutum ta ɓarauniyar hanya, ko ya ɗauke shi a mota, ko ya ba shi masauki, yana kai wa ɗaurin shekara 15 da tarar riyal miliyan ɗaya. Ɗan'uwan da kake taƙama zai sauke ka, shi za ka jefa a wuta.

Da annoba ta wuce, unguwannin sun koma yadda suke?

A Jidda da yawansu ma babu su. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 aka yi rusau a unguwanni kusan sittin, da hujjar cewa an gina su ba bisa tsari ba kuma sun zama maɓoyar laifi. Gulail da Petromin, waɗanda aka killace a 2020, suna cikin na farko-farko. Sabil da Karantina da Kandara su ma katafila ta bi ta kansu. Sai mutum ya wayi gari ya ga an fesa "ikhla" da jan fenti a bangonsa, wato a tashi, wani lokaci wa'adin bai wuce 'yan kwanaki ba. Diyya da gidajen wucin gadi na 'yan ƙasa ne. Baƙo mai igama ya shiga neman haya a garin da kuɗin haya ya yi tsalle, marar igama kuwa ko ya samu kuɗin, yarjejeniyar haya yanzu ta manhajar Ijar ake yinta, ita ma da lamba.

Lungunmu ma fentin ya iso shi. Tsohuwa mai funkaso ta koma can bayan gari ta hanyar Makka, ɗaki ɗaya ita da 'yarta da jikoki uku, da sunan wani surukinsu mai igama aka kama. Ba ta ƙara kafa kasko a bakin titi ba. A ɗaki take suya, 'yar na karɓar oda ta WhatsApp, babban jikan ke kaiwa a ƙafa bayan sallar Isha.